Yaya zan nuna kayan da ke ɓoye a zanen haɗa inji ba tare da zanen ya cakuɗe ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a wata kwalejin kimiyya da fasaha, aikin kammala karatuna kuma injin ɓarzar masara ne. Na zana kowane ɓangare shi kaɗai ba tare da matsala ba. Amma da na zo zanen haɗi, wanda ke nuna kayan duka a haɗe, sai gidan boris ya zama tarin tsinkakkun layuka. A cikinsa akwai shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, boris 6205 guda biyu, zoben tazara, zoben kulle, robar tare mai da murfi. Na kai wa mai haɗa mana injin, ya juya takardar ya juya, ya ce in dai zo in tsaya a kansa ranar haɗi. Malaminmu ma ya ce zanen ba ya karantuwa. In na goge layukan kayan sun ɓace, in na bar su ba a gane komai. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa a kammala lafiya.

In na fahimce ka, kana da kaya shida ko bakwai, wani cikin wani, duk a cikin gida ɗaya na ƙarfe, kana kuma son wanda bai taɓa ganin injin ba ya dubi takarda ya san me ke ciki, ina kowanne yake zaune, wanne ke riƙe da wanne. Ka ɗauka hanya biyu ce gare ka, ko ka bar tsinkakkun layuka ko ka goge su. Akwai ta uku, ita ce ma wadda masu zanen inji suka dogara da ita: ka yanka gidan boris ɗin a takarda, abin da ke ciki ya fito fili, ka zana shi da cikakken layi kamar kowane abu da ido ke gani. Ƙa'idar da nake aiki da ita ke nan. Duk abin da mai haɗi yake bukatar sani, sai ya bayyana da cikakken layi a wuri ɗaya aƙalla a cikin takardun. In abu yana da muhimmanci amma ba a ganinsa sai ta tsinkakken layi, to akwai zanen da ya kamata a yi da ba a yi ba.

Ka lura kuma cewa zanen ɓangare da zanen haɗi ba mutum ɗaya suke yi wa magana ba. Na ɓangare na mai ƙerawa ne, shi ke son sanin zurfin kowane rami da faɗin kowace gaɓa. Na haɗi na mai ɗaurawa ne, wanda kayan sun riga sun zo hannunsa a ƙere. Ba ruwansa da zurfin ramin giris, abin da yake nema shi ne wane kaya, guda nawa, a ina, ta wace fuska. Rabin layukan da suka cika maka takarda amsar tambayar da shi bai yi ba ce.

Abin da tsinkakken layi ba ya iya faɗa

Tsarin da muke zane da shi, na kallon abu ta gaba da ta sama da ta gefe, Bafaranshe Gaspard Monge ne ya mai da shi ilimi mai ƙa'ida, aka buga darussansa a 1799. Mu a Najeriya ta hannun Ingila muka karɓa, da ma'auninsu na BS 308 wanda ya fara fitowa a 1927, kafin BS 8888 ya maye gurbinsa a 2000 ya jingina da ma'aunin duniya, wato ISO 128 da 'yan'uwansa. Amurkawa suna da nasu na ASME Y14. Duk da bambance-bambancensu, sun haɗu a kan cewa tsinkakken layi siriri ne, aikinsa nuna gefen da wani abu ya tare wa ido. An yi shi ne domin abu ɗaya mai rami ɗaya ko biyu, kuma a nan yana aiki sarai.

Da kaya suka yi yawa sai rauninsa ya fito. Layin yana cewa akwai gefe a bayan nan, amma ba ya cewa gefen na wane ne, ba ya kuma cewa nisansa nawa daga ido. Ɗauki naka. Boris 6205 raminsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15. Ramin da yake zama a gidan shi ma 52 ne, don haka layin ramin da layin bayan boris sun hau kan juna, sun zama ɗaya. Leɓen murfin da ke shiga ramin shi ma kusan 52 ne. Kwarmin zoben kulle na irin wannan rami faɗinsa 55, wato milimita ɗaya da rabi ya ɗara a kowane gefe. In ka zana a ma'aunin 1:2, wato rabin ainihin girman, tazarar da ta rage a takarda ba ta kai milimita ɗaya ba. Layuka huɗu ke nan na kaya huɗu daban-daban suna cunkushe a wurin da bakin fensir zai rufe. Ko kai da ka zana, bayan wata guda sai ka tsaya ka yi tunani.

Babbar illar ma ba cunkoso ba ce. Tsinkakken layi ba ya bambanta kaya biyu da suka taɓa juna da kaya biyu da ke da 'yar tazara a tsakani, alhali a gidan boris wannan bambancin shi ne ran aikin gaba ɗaya. Zan komo kansa.

Yanka shi ta tsakiyar shaf

Fara da zanen da ke kallon gidan ta ƙarshen shaf, wanda ake ganin da'irori. A kansa ka ja layin yanka ya ratsa tsakiya, ka kaurara bakinsa biyu, ka sa kibiya a kowane baki tana nuna inda mai kallo ya dosa, ka rubuta A da A. Sai ka zana abin da za a gani da an tsaga gidan ta wannan layi an jefar da rabin da ke tsakaninka da kibiyoyin, ka rubuta A-A a kansa. Wannan shi zai zama uwar takardar, shi za ka bai wa wuri mafi girma. Sauran zanukan 'yan rakiya ne.

Duk inda yankan ya ratsa ƙarfe, ka cike shi da siraran layukan karkace, yawanci a digiri 45. A nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe, domin sai su karkata komai gefe ɗaya, gida da murfi da zoben tazara su narke su zama dunƙule guda. Kaya biyu da ke maƙwabtaka ba sa ɗaukar karkace iri ɗaya. In na gidan ya karkata dama, na murfin ya karkata hagu. In na uku ya taɓa su duka biyun, a sauya tazarar layukan ko a koma digiri 30 ko 60. Ƙaramin abu a matse layukansa, babba a sake su. Sannan kaya ɗaya karkacensa ɗaya ne a ko'ina ya fito, sama da shaf da ƙasa da shaf, a A-A da B-B, saboda da wannan ne mai karatu ke gane cewa guntun da ke sama da wanda ke ƙasa zobe ɗaya ne. Abin da ya yi siriri ƙwarai, irin gaskit ko zoben kulle a ƙaramin ma'auni, ba a wahala da karkace, a cike shi da baƙi. In irinsu biyu sun jeru, a bar ɗan farin fili tsakani.

A cikin zanen da aka yanka ba a sa tsinkakkun layuka. An yanka ne don a rabu da su. Amma abin da ke bayan yankan kuma ido na ganinsa, kamar gefen rami ta can ɓangaren, wannan dole a zana shi da cikakken layi. In ka manta da shi, guntayen za su zama kamar suna shawagi ba abin da ya haɗa su.

Tunda gidan boris sama da ƙasansa ɗaya ne, kana iya yin rabin yanka: sama da layin tsakiya a ga ciki, ƙasa a ga waje, layin tsakiya ne kawai ya raba su, kuma rabin da ba a yanka ba shi ma ba a sa masa tsinkakkun layuka. Yana tsimin takarda. Ni dai ga irin aikinka na fi son cikakken yanka, domin mai haɗin da bai saba da zane ba yakan ɗauki rabin yanka a matsayin abin da aka ƙera da gefe ɗaya a buɗe. Idan kuma akwai abin da ba ya kan layin tsakiya, misali bakin zuba giris da ke gefe, layin yanka yana iya yin gwiwa ya bi ta kansa ya dawo. Gwiwar ana nuna ta a layin yanka, ba a ja mata layi a zanen da aka yanka. Haka murfi mai bol uku: yanka a miƙe zai sami ɗaya ya kuskure biyu, sai a karya layin yankan a tsakiya ya bi ta na biyu, a juyo shi a zana shi a ainihin nisansa daga tsakiya kamar yana kan layin.

Abin da ba a yankawa ko da layi ya ratsa shi

Shaf ba a yanka shi a tsawonsa. Ƙarfe ne dunƙulalle, babu abin gani a ciki, in ka cike shi da karkace ka ƙara hayaniya ne kawai, ka kuma ɓatar da abin da ido ke kamawa ya gane tsarin zanen. Haka bol, noti, washa, sukuru, fil, ribit, makullin shaf da ƙwallayen boris. Duk a bar su farare, a zana su kamar ana ganinsu daga waje, alhali zoben ciki da na waje na boris ana yi musu karkace. Haƙarƙarin ƙarfafawa da ke jikin gidan shi ma, in yankan ya bi tsawonsa, ba a yi masa karkace, don kada a ɗauka duk wurin ƙarfe ne cike. Wannan a tsawo ne fa. In ka yanka shaf a gicciye, ana yi masa karkace kamar kowa.

To makullin da ke riƙe fuli fa, tunda rabinsa a nutse yake cikin shaf, shaf kuma ba a yanka shi? Nan ne wurin yankan taga. Ka san yadda mai kankana ke ɓalle ɗan yanki ya nuna maka jan ciki ba tare da ya raba ta biyu ba. Haka za ka yi: ka ja siririn layi mai lanƙwasa da hannu kewaye da wurin makullin, ka yi wa ɗan wurin karkace, makullin ya fito zaune a kwarminsa. Shaf mai milimita 25 makullinsa 8 ne a faɗi, 7 a tsayi, kuma akwai 'yar tazara tsakanin samansa da rufin kwarmin fuli, domin ta gefe yake ɗaukar ƙarfi ba ta sama ba. Ka nuna wannan tazarar da layi biyu. In kana son ƙarin bayani, ƙara ɗan yankan gicciye B-B a daidai wurin.

Bol da ya shiga ramin zare shi ma yana da tasa ƙa'ida. Inda suka haɗu, zaren bol ake nunawa, na ramin sai daga inda bol ya ƙare. Ka bar sauran rami a ƙasan bol ɗin a gani, da ɗan tsinin da bakin abin huda ke bari. Mai karatu ya tabbatar bol zai matse murfi kafin ya dunguri ƙasan rami.

Tazarar da ido ba ya kamawa

Na ce zan komo kan taɓawa da tazara. Shaf mai boris biyu ba a ɗaure shi ta baki biyu. Boris ɗaya ake kullewa ciki da waje, shi ke hana shaf zamewa gaba ko baya. Na biyun ana barin zobensa na waje da ɗan filin motsi a cikin gidan, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi, kusan milimita 0.012 a kowace mita ga kowane digiri ɗaya. Shaf mai rabin mita da ya ƙara zafin digiri 40 ya ƙara kusan milimita 0.24. Ba yawa, amma in babu inda zai je, ƙwallayen boris ne za su sha matsin. A zanenka, boris ɗin da aka kulle layi ɗaya ne tsakaninsa da leɓen murfi, wanda aka sake kuma layi biyu ne. Tazarar rabin milimita a ma'aunin 1:2 ta koma 0.25 a takarda, ta fi layin da kake zane da shi siranta. Don haka ko dai ka ɗan ƙara mata faɗi da gangan, wanda ƙa'ida ta yarda da shi, ko ka kewaye wurin da siririyar da'ira, ka sa mata harafi, ka zana shi a gefe a ma'aunin 5:1, wato ninki biyar na ainihin girman, ka rubuta adadin tazarar. Na biyun ya fi, domin ba ya barin gardama.

Robar tare mai ita ma ta cancanci irin wannan faɗaɗawa. Tana da fuska biyu, ɗaya mai leɓe da siririn sifirin, ɗaya a shafe. In aikinta riƙe mai ne, leɓen ciki yake kallo. In giris ne a ciki kuma babban abokin gaba ƙura ce, kamar a injin ɓarza inda garin masara ke tashi yini guda, sau da yawa ana juya leɓen waje, ko a sayi mai leɓe biyu. Kai ne mai tsara injin, kai za ka yanke wannan hukunci, kuma takarda ce za ta isar da shi. Na taɓa buɗe wani injin niƙa da ke cin boris duk bayan ɗan lokaci, na tarar giris ɗin ya zama kunu da gari. Da aka kawo zanen, robar murabba'i ce ta tsinkakkun layuka, ba gaba ba baya. Mai haɗin ba shi da laifi, ya sa ta yadda ya saba sa wa mota.

Inda tsinkakken layi yake da sauran amfani

Ban ce a kore shi gaba ɗaya ba. In akwai abu ɗaya tak da yanka bai kama ba kuma bai kai a yi masa sabon zane ba, kamar hanyar giris da aka huda a karkace ko ramin fil guda ɗaya, a nuna shi shi kaɗai da tsinkakken layi, a bar sauran a goge. Tsinkakken layi ɗaya a fili mai tsabta yana jan ido. Sai dai a kiyaye hannu. Kaurinsa rabin na cikakken layi ne, 0.25 ga mai 0.5, ko 0.35 ga mai 0.7. A ma'aunin ISO tsawon kowane guntu ninki 12 ne na kaurin layin, gibin kuma ninki 3, wato ga layin 0.25 guntun milimita 3 da gibin 0.75. Ya fara da guntu yana taɓa gefen da ya taso daga gare shi, a kusurwa guntaye su haɗu, in kuma ci gaban cikakken layi ne a bar gibi kafin ya fara, don a ga inda ganuwa ta ƙare. In ya faɗa kan cikakken layi, cikakken ne ke ci. In ya faɗa kan layin tsakiya, shi ke ci. Ba a kuma ɗora awo a kansa. Duk abin da ya isa a rubuta masa awo ya isa a yanka a nuna shi.

Kada ka rikita tsinkakken layi da layi mai dogon guntu da ɗigo biyu. Wancan na abin da ba ya cikin haɗin ne amma ana son a ga matsayinsa, kamar firam ɗin da gidan boris zai zauna a kai, ko inda hannu mai lilo ke kaiwa in an ja shi ƙarshe. Shi ba a yi masa karkace, ba ya kuma tare abin da ke bayansa.

Lamba, jerin kaya da warwararren zane

Bayan kayan sun fito fili, kowanne ya sami lamba a cikin da'ira, da siririn layi zuwa jikinsa. Layin ya ƙare da ɗigo in ya shiga cikin kayan, ko da kibiya in a gefensa ya tsaya. Ka jera da'irorin a layi ɗaya a wajen zanen, kada layukansu su gitta juna, kada kuma su bi karkacen digiri 45 su ɓace a ciki. Kowace lamba ta nuna wurin da kayan ya fi fitowa sarai, wanda a naka kusan duka A-A ne. A jerin kaya ka rubuta cikakken suna. "Boris" kawai bai isa ba. 6205 buɗaɗɗe, da 6205-ZZ mai murfin ƙarfe, da 6205-2RS mai murfin roba duk girmansu ɗaya, a zane kusan kamarsu ɗaya, amma a cikin ƙurar masara ba ɗaya ba ne.

Yanka yana nuna inda kowa ya ƙare, ba ya nuna wanda ya riga wani shiga. Wannan aikin warwararren zane ne, irin wanda ake gani a littafin kayan gyaran babur, inda aka zaro kayan aka jera su a kan layin tsakiya ɗaya bisa tsarin shigarsu. Ga mai haɗinka, wanda wataƙila a hannu ya koyi aiki ba a aji ba, wannan zai fi saurin shiga. Na sha ganin ƙwararren da zai juya zanen yanka ya ajiye, amma da ya ga warwararre sai ya fara gyara maka tsarin, ya ce zoben kulle ba zai shiga ba in ka riga ka sa wancan. Sau da yawa kuma gaskiyarsa ce. Amma warwararre ba ya maye gurbin yanka, domin shi ba ya nuna tazara ko taɓawa. Ka yi su biyun, lambobinsu su zama ɗaya.

Wani abin da zai rage maka nauyi shi ne kada ka nemi nuna cikin gidan boris a zanen injin gaba ɗaya. Gidan da kayan cikinsa ka ba su takardarsu da jerinsu. A babban zanen injin ya fito ta waje kawai da lamba ɗaya, jerin kaya ya tura mai karatu zuwa waccan takardar. Firam ɗin da aka yi wa walda shi ma kaya ɗaya ne a babban zane, ko da ƙarafa goma aka haɗa.

Ka kuma sa alamar tsarin kallo a akwatin suna, ɗan mazurarin nan mai yankakken baki da da'irori biyu a gefensa. Turai da Indiya da Sin galibi kusurwa ta farko suke bi, haka 'yan'uwanmu na Nijar da suka koya a tsarin Faransa, Amurka da Japan kuma ta uku. A wajenmu takardun duka biyun suna yawo tare da injinan da ake shigowa da su. A kusurwa ta farko abin da aka gani daga hagu ana ajiye shi a dama, a ta uku kuma a hagu, don haka wanda ya karanta da tsarin da ba shi ba zai iya ɗora fuli a bakin da ba nasa ba.

Kwamfuta da takarda

Ba ka faɗi da me kake zane ba. In SolidWorks ne ko makamancinsa, shi zai yi maka yankan, amma ba ya tunani a madadinka. Yakan yanka shaf da bol duka sai ka cire su daga cikin abin da za a yanka, wani lokaci kuma maƙwabta biyu su fito da karkace ɗaya sai ka gyara da hannu. Ka kashe ɓoyayyun layuka a dukkan zanukan, sannan ka kunna wa abu ɗaya ko biyun da ka zaɓa. In AutoCAD ne, ka duba saitin LTSCALE, domin shi ke sa tsinkakken layi ya fito kamar cikakke a bugu, ko guntayen su yi tsawon da ba a gane su. Umarnin OVERKILL kuma yana share layukan da suka hau kan juna, waɗanda su ma kan cike giɓin junansu.

Kada ka dogara da launi ko da sanya gidan ya zama garai-garai kamar gilashi. A fuskar kwamfuta abin sha'awa ne, amma takardar da za ta isa wurin aiki baƙi da fari ce, an yi mata hoto sau biyu, ko an ɗauke ta da waya an tura ta WhatsApp, sannan hannu mai baƙin mai ya riƙe ta. Abin da ke tsira daga wannan tafiya shi ne bambancin kaurin layi da karkace mai sarari. In ka zana a A3, ka buga a A4 ka gani, domin a haka za ta ƙare a hannun wani.

Gwajin da nake yi kafin in saki zane shi ne in miƙa wa wanda bai san injin ba, in yi shiru, in ce ya nuna mini abin da ke hana shaf zamewa hagu, da abin da ke hana shi zamewa dama, da abin da za a fara kwancewa in za a canza boris. In ya bi da yatsa daga shaf zuwa zoben ciki, zuwa ƙwallo, zuwa zoben waje, zuwa murfi, zuwa bol ba tare da ya tambaye ni ba, zanen ya yi. Inda yatsansa ya tsaya, nan ne ake bukatar wani yankan ko faɗaɗawa.

Abin da na faɗa daga bayaninka na gina shi, takardar ba ta gabana, don haka in gidan naka mai rabewa biyu ne ko boris ɗin kowanne da gidansa, wurin yankan zai sauya ko da ƙa'idar ba ta sauya ba. Maganata kuma ta ƙananan injina ce. Masu zanen bututu da na gini suna amfani da tsinkakken layi fiye da haka, kuma da hujjarsu. Sannan in sashenku yana da tsarin da ya gindaya, ko takardar jarrabawa ta ce a nuna ɓoyayyun layuka, ka bi abin da aka ce, haka in ka fara aiki a kamfanin da ke da nasa ma'aunin. Ga wannan aikin dai, ka sake takardar gidan boris da A-A a tsakiya a ma'aunin 1:1, wanda A3 za ta ɗauka ba wahala, da faɗaɗawa biyu, ɗaya ta robar ɗaya ta boris ɗin da aka sake, da warwararren zane a takarda ta biyu. Ka fara kai wa mai haɗin kafin malaminku, ka ce ya nuna maka abin da zai fara sakawa.